Kafin Mu Sake Tura Wannan Bidiyon



Ranar Asabar da ta wuce, bayan mun tashi daga koyon waƙa, ɗaya daga cikinmu ya ciro waya ya nuna mana wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp. Muryar da ke ciki tana cewa wai Turawa sun gama komai, yanzu ana dasa wa namiji mahaifa ya ɗauki ciki ya haihu. Muka fashe da dariya. Wani ya ce to, sai mu shirya, ƙarshen duniya ya zo. Wata ta kama sunan wani ɗan daudu da dukanmu muka sani a tasha, ta ce shi ne zai fara yin rajista. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Sai da na kama hanyar gida ni kaɗai na tuna da wani yaro da muka yi makarantar Lahadi tare, dariyar ta koma mini ciki. Zan zo kan labarinsa. Amma bari mu fara da bidiyon, domin abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne, kuma bai kamata mai bi ya zama ɗan aiken ƙarya ba, ko da ƙaryar ta yi daidai da ra'ayinsa.

Dashen mahaifa akwai shi, amma mata ake yi wa. Akwai 'ya'ya mata da ake haifa ba su da mahaifa ko kaɗan, kusan 1 cikin kowace 4,500 zuwa 5,000. Yawanci ba a ganewa sai yarinya ta kai shekara 15 ko 16 ba ta fara al'ada ba. Akwai kuma waɗanda aka cire wa mahaifa saboda ciwon daji ko zubar jini wajen haihuwa. Saboda irinsu likitoci suka shiga wannan bincike. A shekarar 2000 aka gwada a Jidda ta ƙasar Saudiyya, mahaifar ta yi wata 3 da 'yan kwanaki, jini ya daina kaiwa gare ta, aka cire. A 2011 aka sake gwadawa a Antaliya ta Turkiyya. Nasarar farko ta zo ne a 2014 a birnin Gotenbag na Suwidin, a hannun Farfesa Mats Brännström da abokan aikinsa: wata mata da aka haifa ba mahaifa ta haifi ɗa namiji, da mahaifar da wata dattijuwa mai shekara 61, aminiyar gidansu, ta ba ta. A 2017 a Sao Paulo ta Brazil aka haifi jaririya daga mahaifar wata mata da ta riga ta rasu. Ingila ba ta yi nata dashen na farko ba sai a 2023, inda ya ta ba ƙanwarta, aka haifi jaririyar a 2025. Zuwa yanzu dashen da aka yi a duk duniya ya haura 100, jariran da aka samu sun haura 50. A duniyar da mutane suka wuce biliyan 8, wannan ɗigo ne.

Mu da muke karanta labarin Saratu da Hannatu da Alisabatu, mun san hawayen macen da ta nemi haihuwa ba ta samu ba. Ban ga dalilin da zai sa mu ji haushi ba idan Allah ya ba likitoci hikimar share wa kaɗan daga cikinsu hawaye.

To, ina batun wanda aka haifa da jikin namiji, ya tashi yana jin kansa mace, har ya sauya suna da sutura, ya sha magani, wataƙila ma aka yi masa tiyata? Su ne 'yan jarida ke kira masu sauya jinsi. A cikinsu babu wadda aka taɓa dasa wa mahaifa ta haihu. Abin da tarihi ya riƙe shi ne labarin Lili Elbe, mai zane 'yar ƙasar Denmak, wadda aka yi wa jerin tiyata a Jamus a 1930 da 1931. Tiyatar ƙarshe, wadda aka ce yunƙurin dasa mata mahaifa ne, ita ta yi ajalinta a birnin Diresdin a 1931. A lokacin babu maganin hana jiki ƙin baƙon sashe, ko fenisilin ma bai shiga asibitoci ba. Tun daga nan abin ya tsaya a kan takarda. A 2019 wasu likitocin Ingila suka wallafa nazari suna cewa a ganinsu ba abu ne da ya gagara ba, suka kuma lissafa matsalolin da ke gaba.

Matsalolin ba ƙanana ba ne. Ƙashin ƙugun namiji ya fi na mace matsewa. Dole a samo jijiyoyin jinin da za a haɗa mahaifar da su, a kuma samo hanyar da jinin al'ada zai riƙa fita. Babu ƙwan haihuwa a jikin, don haka sai an karɓo ƙwan wata mace an haɗa shi a ɗakin gwaji sannan a dasa. Sinadaran da jikin mai ciki ke fitarwa da kansa, duk sai an ba da su ta allura da ƙwaya, daidai gwargwado, mako bayan mako. Ko a matan da ake yi wa dashen yanzu, babu mai naƙuda ta haihu da kanta, aiki ake yi a ciro jaririn. Duk tsawon lokacin tana shan magungunan da ke danne garkuwar jiki, masu iya taɓa ƙoda, shi ya sa bayan haihuwa ɗaya ko biyu ake sake buɗe ta a cire mahaifar. Akwai kuma wani binciken dabam: a 2023 wani masani a Japan, Katsuhiko Hayashi, ya sanar cewa ya samar da ƙwai daga ƙwayoyin fatar namijin ɓera, har aka haifi 'ya'yan ɓeraye masu uba biyu. Daga ɗaruruwan da aka dasa, 7 kawai suka rayu. Daga ɓera zuwa ɗan Adam kuwa tafiya ce mai nisa.

Shin wata rana za a yi? Mai yiwuwa wani likita a wata ƙasa ya gwada a zamaninmu. Idan kun tambaye ni, ban yarda da shi ba, kuma dalilaina biyu ne. Na farko bangaskiya ce: na gaskata abin da Littafin Farawa ya koya game da halittar mutum namiji da mace, ban kuma ɗauki jiki kamar riga da mutum zai kai wa tela ya sake mata fasali ba. Ga kuma jaririn da za a yi gwajin a kansa, wanda babu wanda ya nemi izininsa. Dalili na biyu na ɗan Najeriya ne. Daga jikin wa za a riƙa ciro mahaifun? Ciro mahaifa daga mai rai aiki ne na awa 8 zuwa sama da 10, da haɗarinsa. Ba mu manta ba, a 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, saboda an ɗauko wani saurayi mai talla a titunan Legas an kai shi can domin a cire masa ƙoda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana sayar da sassan jiki, amma mun san yadda yunwa ke yi da doka. Ranar da mahaifa ta zama haja, ba 'yar minista ce za ta kwanta a cire mata ba, bazawara ce daga ƙauye mai 'ya'ya 5 da bashi. Wannan tsoron nawa ya shafi dashen ko wa za a yi wa.

Na faɗi matsayina ƙarara domin kada wani ya ce abin da zan faɗa gaba sassauci ne. Abin da ya dame ni shi ne, muna ta ɗaga murya a kan tiyatar da ba a taɓa yi ba a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, alhali duwatsun da muke jifa suna sauka a kan mutanen da ke tsakaninmu.

Mukan zuba mutane iri uku a ƙwarya ɗaya. Akwai masu sauya jinsi da na ambata. Akwai 'yan daudu, waɗanda ba Turawa ne suka kawo su ba. Kakanninmu sun san su a kasuwanni da tashoshin mota daga Kano har Sakkwato, suna sayar da abinci, suna magana da karairaya irin ta mata. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya fitar da littafi a kansu a 2009, ya kuma nuna cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Sannan akwai mata-maza, waɗanda tun daga ciki aka haife su da al'aurar da ungozoma za ta duba ta kasa cewa namiji ne ko mace. Waɗannan na ƙarshe ba su zaɓi komai ba, ba su sha komai ba, ba su kalli wani fim ba. Amma duk ranar da muka yi irin dariyar ranar Asabar, da su ake.

Yaron da na ce muku, a matsayin namiji aka yi masa suna, aka yanka rago. Ya fi mu iya haddar aya, kuma shi ne mai buga ƙaramar ganga a ranar yara. Da ya kai wajen shekara 13 sai ƙirjinsa ya fara tasowa, ya kuma riƙa ciwon mara wata-wata. Yara suka gani a wajen wanka a rafi. Cikin mako guda babu gidan da labarin bai shiga ba. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce alhakin wani ne ya kama uwar. A cikin masu faɗin haka akwai masu zama a bencin gaba ranar Lahadi. Uwar ta daina kawo shi sujada, daga baya ita ma ta daina zuwa, daga ƙarshe suka tattara suka koma wajen danginta. Ban tuna wani daga cikinmu ya je gidansu ya ce ina wane, kwana biyu ba mu gan shi ba. Ni ma ban je ba. Ina da shekara 14, ina tsoron a haɗa ni da shi.

Sai da na girma na ji daga bakin masu aikin jinya cewa irin wannan yana da suna a likitance, yana kuma da magani. Mafi yawan abin da ke sa a haifi 'ya mace da al'aura mai kama da ta namiji wata larura ce da likitoci ke kira CAH. Akwai wata 'yar tsoka da ke zaune a saman kowace ƙoda, aikinta fitar da sinadaran da ke riƙe gishiri da ƙarfin jiki. Idan aka gaji matsalar daga uwa da uba, sai ta kasa yin waɗannan, ta koma tana zubo sinadarin maza da yawa tun jaririn yana ciki. Mai tsananin yana samun kusan jariri 1 cikin 15,000. Abin tsoro a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗannan jarirai gishiri ke zubewa daga jikinsu. A mako na biyu ko na uku sai su fara amai, su ƙi nono, su yanƙwane, idan ba a yi sauri ba su mutu. A ƙasashe masu hali ana ɗiban ɗigon jini a dundunniyar kowane jariri a gwada tun kafin a yi suna. A ƙauyukanmu, inda yawancin haihuwa a gida ake yi, uwa takan rufe jaririn da zane saboda kunya, ta hana kowa yi masa wanka, har a binne shi a ce mayu ne. Maganin kuwa ƙwayoyi ne da aka sani shekaru da yawa a asibiti, babba cikinsu haidurokotizon, wanda yaro zai riƙa sha kullum ya rayu.

Kun ga ci gaban likitanci da mu muke bukata a Malisa. Ba dashen mahaifa ba ne. Ungozoma ce da za ta san cewa idan ta ga haka, ta ce wa iyaye su kama hanyar Birnin Kebbi a ranar, ba sai bayan suna ba. Daga can, idan abin ya fi ƙarfinsu, a tura su asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda akwai likitocin yara da cibiyar kula da mafitsara da ƙoda. Gwajin jini ne, da hoton ciki, da kuɗin mota. Sai kuma jama'ar da za su kama bakinsu, wanda shi ne ya fi tsada.

Ko a nan ma sai an bi a hankali. Da, likitoci sukan yi gaggawar yanka jariri domin ya yi kama da ɗaya daga cikin biyun, wasu yaran suka girma suka tarar an zaɓa musu ba daidai ba, ga tabo, ga ciwo, ba kuma a iya mayar da abin da aka cire. Shi ya sa ƙasar Malta a 2015, da Jamus a 2021, suka yi dokar hana irin wannan tiyatar ga yaro sai idan lafiyarsa na cikin haɗari. A nan Afirka, Kenya ta saka mata-maza cikin ƙidayar jama'arta ta 2019, aka samu mutum 1,524 da suka yarda suka faɗa. Waɗanda kunya ta hana, Allah kaɗai ya san yawansu. Maganin ceton rai ba ya jira, amma wuƙa tana iya jira.

Na san abin da wani zai ce: to, mata-maza mun ji, halitta ce, amma waɗancan fa da suka sauya da kansu? Ai su zunubi suke yi. Ɗan'uwa, ko da mun tsaya a kan haka, sai me ya biyo baya? Ka san yadda rayuwarsu take a ƙasar nan? Mai shan sinadarin mata ba tare da likita ba, yawanci a kemis yake saye, sau da yawa ƙwayoyin tsarin iyali, waɗanda irin sinadarin da ke cikinsu ya fi sa jini ya daskare a jijiya, ya toshe huhu ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Wasu kuma a ɗaki ake ɗura musu mai a ɗuwawu da ƙirji, ya ruɓar da nama. Idan ciwo ya kama su, ba sa zuwa asibiti, domin sun san kallon da za a yi musu tun daga wajen yankar kati, suna kuma tsoron a kira musu hukuma, musamman tun bayan dokar hana auren jinsi ɗaya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu 2014. A cikinmu akwai masu karatun jinya da ungozomanci da haɗa magunguna. Wata rana irin wannan mutumin zai zo gabanki, 'yar'uwa, ƙafarsa a kumbure, numfashinsa sama-sama. Za ki tambaye shi abin da yake sha cikin mutunci ki ceci ransa, ko za ki kira abokan aiki su zo su ga abin mamaki?

Ubangijinmu bai kauce wa wannan zance ba. A Matiyu sura 19, a wurin da ya jaddada halittar namiji da mace, a nan kuma ya ambaci babanni, ya ce akwai waɗanda haka aka haife su, akwai waɗanda mutane suka mayar da su haka. Bai yi dariya ba. A Ishaya sura 56 akwai alkawari ga babanni masu riƙe da alkawarin Allah, cewa suna da wuri da suna a cikin gidansa. A Ayyukan Manzanni sura 8, mala'ikan Ubangiji ya tura Filibus hanyar hamada musamman saboda mutum guda, baban nan Bahabashe, ma'ajin sarauniya, wanda bisa ga Shari'ar Musa jikinsa ya hana shi shiga taron jama'ar Ubangiji. Filibus ya hau karusarsa ya zauna kusa da shi. Da suka iso ruwa ya yi masa baftisma. Ba na cewa baba da mai sauya jinsi abu ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Abin da nake nunawa shi ne, duk inda Littafi ya haɗu da mutumin da jikinsa bai shiga layin da jama'a suka ja ba, matsowa kusa ake yi. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko zunubin wa ya jawo, irin tambayar da aka yi wa uwar abokina ke nan, Yesu ya ture tambayar gefe ya warkar da mutumin.

Akwai kuma abin da mu Kiristocin wannan yanki bai kamata a tuna mana ba. A watan Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, taron jama'a suka yi mata hukunci ba kotu ba alƙali. Mun yi kuka, mun ce rai ba abin wasa ba ne. A watan Agusta 2024 aka tsinci gawar wata mai sauya jinsi da aka sani a TikTok da sunan Abuja Area Mama a gefen titi a Abuja, da raunuka a jikinta. Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin labarin. Masu cewa Allah ya ƙara suna da yawa, wasunsu da ayar Littafi Mai Tsarki a saman shafinsu. Wanda ya san zafin jifa, idan ya ga ana tara duwatsu don wani, ba ya tsayawa tambayar ko wane ne tukuna.

Ga roƙona ga shugabannin zumuntarmu. A taronmu na wata mai zuwa, mu gayyaci ma'aikaciyar jinya ko likita su yi mana bayanin mata-maza da alamun jaririn da gishiri ke zubewa daga jikinsa, mu kuma roƙi iyayenmu na zumuntar mata su zo, domin su ne ke shiga ɗakin mai jego. Mu ware wani abu daga baikonmu ya zama kuɗin mota ga duk iyalin da aka tura Sakkwato, a ba su ta hannun fasto ba tare da an karanta suna a sanarwa ba. Masu kula da zaurenmu na WhatsApp kuma su riƙa goge irin wancan bidiyon, da duk wanda aka sa hoton wani ana masa ba'a.

Shi kuwa ɗan daudun da aka kama sunansa ranar Asabar, wajensa yawancinmu muke sayen shinkafa da wake idan za mu shiga mota. Jiya na tsaya na saya, na gaishe shi da sunansa na yanka, ya ɗago ya dube ni kamar yana jiran abin da zai biyo baya. Na kuma tambayi mahaifiyata ko ta san garin da uwar abokina ta koma. Ta ce tana jin wata 'yar'uwarta tana zuwa cin kasuwa ta wannan wajen, za ta sa a tambayo mana.